Akun da ya ƙi hannun Gwaggo

Tun ranar da jikana ya shigo da aku gidan nan na Agiye ban ƙara barcin rana mai daɗi ba. Akun ɗan ƙarami ne, idonsa ma baƙi ne tukuna, jan wutsiyarsa bai nuna ba. A Maradi ya samo shi, cikin wani kejin waya da ko kaza ba za ta iya juyawa a ciki ba, ya rataye shi a ƙusa jikin bangon siminti inda rana take dukansa tun daga hantsi. Koyarwar da yake masa ita ce ya jingina wayarsa jikin kejin, ya kunna muryar wani ƙato yana ta maimaita sallama, shi kuma ya hau moto ya yi gaba. Yaran gida in sun dawo daga lakol, wato makarantar boko, sai su kewaye shi da tsinken tsintsiya suna tsokana, wai ya yi magana. Na ce masa a riƙa fito da tsuntsun nan ya taka ƙasa, ya miƙe fiffike, ya san hannun mai shi. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, in ya tashi ke za ki bi shi?" Washegari ya sa almakashi ya datse masa fiffike har jini ya fito. Yaron da ya ga wayarsa ta fi kakarsa sani, bakina ba zai gyara shi ba.

Ni dai ban ga abin da zamanin nan ya iya riƙewa ba. Komai a ɗaure shi a ajiye, a yi ta kallo. Akuya a turke take wuni, yaro a gaban waya, tsoho a ɗaki. Da can da asuba lugude ne yake tashe ka, gida ya amsa wa gida har ƙarshen gari, ka gane matar da take daka da jin taɓaryarta kawai. Sai kukan guga a bakin rijiya, sai jakuna, sai tsirya, ƴan korayen tsuntsayen nan masu doguwar wutsiya, suna wucewa bisa gawo da surutunsu za su gona su yi mana ɓarna. Yanzu injin niƙa ne yake fara yi wa mutum ihu, ƴan kabu-kabu su karɓa, kowane shago da irin kiɗan da yake zuba wa titi. A cikin wannan hayaniyar ake son ɗan tsuntsu ya tsinci muryar mutum ɗaya ya koya. To ya koyi me? Tsawa ya koya. Ita yake kwararawa tun safe, su kuma suna cewa ba shi da kai.

Ba don ina son aku nake faɗar haka ba. Babu abin da na tsana a ƙuruciyata kamar aku, in ka cire matar da take da shi.

Yayar mahaifina ce, Gwaggo muke ce mata. Ta yi shekaru a Kurmi tare da mijinta, mai fataucin goro, ya rasu can bai bar mata ɗa ba. Ta dawo da akwatin ƙarfe ɗaya, da tukwane, da ɗan aku cikin keji lulluɓe da tsohon zane. Ta ƙi zama a gidanmu, ta ce ba ta iya cin tuwon matar ƙaninta. Aka yi mata ɗaki da darni a wani ƙauye kusa da Cadakori inda dangin mijinta suke, tafiyar rabin yini daga garinmu. Da aka ga ba ta da mai ɗebo mata ruwa, sai mahaifina ya ba ta ni riƙo. Ba a tambaye ni ba, ba a kuma tambayi uwata ba, lokacin ba a tambaya. Ban kai fara azumi ba. Ni da akun kusan tare muka shiga gidan, kuma tun makon farko na gane wane ne ɗan gida a cikinmu.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin gari ya waye na yi sawu uku a rijiya. In soya gyaɗa, in murje, in fece, in daka har tafin hannuna ya yi bororo, ita kuma ta zauna bakin turmi tana ɗiga ruwan zafi tana juya tunkuza har mai ya taso. Ranar kasuwar Cadakori ni ce da faranti a kai. Ba ta taɓa duka na ba, wannan gaskiyarta ce, amma da ta riƙa duka na ta rage magana da na fi so. In na zubar da ruwa ta ce hannun uwata na ɗauko. In na yi nawa ta ce a gidanmu ba a koya wa ɗiya komai sai hamma. Gyaɗar da ta fi ƙiba ware ta ake yi a ƙoƙo, ta akun ce. Dabino in ya samu nasa ne. Ɗanyar masara ta farkon kaka shi yake fara ɗanɗanawa. Na taɓa ɗaukar dabino ɗaya na jefa a baki, ta sa na tofo shi a tafin hannunta, ta wanke, ta ba shi a gabana.

Amma yadda ta bi da tsuntsun nan, ko ni da nake jin haushinta na san ban ƙara ganin irinsa ba. Kowace hantsi, in an sauke suyar farko hayaƙi ya lafa, sai ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Ni ce mai sakin asabari, in rufe bakin randa da faifai kada ya faɗa ciki, in kawar da wuƙa da allura. Sai ta buɗe ƙofar kejin ta koma gefe ta zauna, ta ɗauki kaɗinta kamar ba ruwanta da shi. Kwanaki ya yi yana gurnani daga ciki kamar kwikwiyo, bai fito ba, ita ma ba ta sa hannu ta jawo shi ba. Takan ce hannun da ya zo wa tsuntsu ta sama, shaho ne a wurinsa. Ranar da ya fito da kansa ya hau bisa kejin, ko kallonsa ba ta yi ba. Bayan nan ta fara miƙa masa guntun kara, ta ce "Hau," da murya ƙasa-ƙasa, irin muryar da ni ban taɓa samu ba. In ya ɗora ƙafa ɗaya, gyaɗa ɗaya. In ya sari karan ta bar shi, ba tsawa ba janyewa. Ba ta tsawaitawa, tun yana marmari take tsayawa, ta ce karatu in ya wuce cikin ɗalibi amai yake zama. In za ta mayar da shi, sai ta sa dabino a cikin kejin, ya shiga da ƙafarsa. Daga kara aka koma tsintsiyar hannu, daga nan kafaɗa. Sannan ta koya masa kira: ta kaɗa gyaɗa a ƙoƙo ta ƙyasta harshe, ya taso daga bakin gado ya sauka hannunta. Taku biyu, taku huɗu, har tsawon ɗaki. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar a fige masa fiffike a huta, ta ce mata ita ma a karya mata ƙafa mijinta ya huta da yawonta. Matar ba ta sake shigowa gidanmu ba.

Sai da damina ta wuce sannan ta yarda ya fito tsakar gida. Nan aikina ya ƙaru. Akwai cediya a tsakar gidan, a ƙarƙashinta ake kife tsohon turmi, a kansa yake zama. Ni kuma in zauna gefe da dogon kara, ido ɗaya a sama saboda shirwa, ɗaya a gindin darni saboda muzurun maƙwabta, wani jan ƙato mai yagaggen kunne da ya gama da ƴan tsakin unguwa. Sa'o'ina suna can suna gaɗa ko suna tsinkar yakuwa a bayan gari, ina jin muryoyinsu, ni ina gadin tsuntsu. Shi kuwa in na matso kusa sai ya kumbura ya kai mini sara. Ga tabon nan a babban yatsana har yau. Da na nuna wa Gwaggo jini cewa ta yi ni na zo masa da gaggawa.

A cikin kwanakin nan aka aiko cewa uwata ta haihu, an samu namiji bayan mu mata huɗu. Rabona da ita tun ranar da aka kawo ni. Na wanke zanena na shanya, na roƙi wata ƙawata ta yi mini kitso, ban ko yi tunanin sai na nemi izini ba, don wa zai hana ɗiya zuwa sunan ƙaninta? Ana gobe suna Gwaggo ta dubi kitson ta tambaye ni ina za ni. Na faɗa mata. Ta ce ba inda za ni. Jibi kasuwa, mai bai haɗu ba, kuma akun yanzu ya fara sabawa da waje, in aka tsallake masa kwana biyu baya zai koma. Ta ce za ta aika da kwalbar mai da ƙuli-ƙuli, ya isa. Na yi kuka, na durƙusa, na ce in tafi da asuba in dawo kafin magariba. Ta ce, "Uwa ɗaya gare ki yanzu, ga ta nan gabanki." Ta juya ta ci gaba da fece gyaɗarta.

Ranar sunan na tashi na yi aikina duka. Da hantsi ta fito da shi ta ɗora bisa turmi, ta yi masa kira sau uku ya amsa, ta ba shi ladarsa, sannan ta koma murhu bayan rumbu inda kaskon mai yake tafasa. Na zauna da karana. Ina ta lissafin cewa yanzu an yanka rago, yanzu mata sun cika ɗakin uwata, yanzu ana tambaya ina wance. Akun ya sauko daga turmin yana tafiyarsa ta gwame-gwame, yana bin ɓawon gyaɗa. Sai na ga jan kai ya ɓullo ta gindin darni. Na gan shi sarai. Ya lafe, cikinsa a ƙasa, wutsiya tana motsi. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, ko tari na yi da ya gudu. Ban yi ba. Na kawar da kaina gefe ina kallon rassan cediya.

Ƙarar da tsuntsun nan ya yi ba irin ta tsuntsu ba ce, kamar jariri aka taka. Ita ta tashe ni. Ban san lokacin da na kai wa muzurun kara a gadon baya ba, na ƙara masa, ya saki ya tsallake darni. Akun yana ƙasa yana juyi, fiffike ɗaya ya karkace, toka-tokan gashinsa ya watsu ko'ina. Gwaggo ta iso da gudu tana ɗingishi, mai ya zubar mata a ƙafa, fatar har ta tashi, ba ta ko duba ba. Maƙwabta suka shigo. Kowa sai sa mini albarka yake, wai ba don zafin naman yarinyar nan ba da sai dai a tsinci wutsiya. Na sunkuyar da kai ina karɓa. Gwaggo ba ta ce mini sannu ba, ba ta kuma zage ni ba, wannan shirun ma ban saba da shi ba.

Akwai Bafillatanar da take kawo mana nono, mijinta ya iya ɗorin maruƙa da tumaki. Aka kira shi. Ya duba ya ce shi bai taɓa ɗora tsuntsu ba, amma ƙashi ƙashi ne, sai dai a samu mai riƙe shi da ƙarfi kada ya motsa. Ni aka aika neman sillen kara da tsumma. Gwaggo ta naɗe shi da zanenta, ta danne kansa da hannun nan da yake hawa kullum, ta matse shi a cinyarta har aka ja fiffiken aka daidaita aka ɗaure. Yana ihu yana saran yatsunta ta cikin zanen, tana ce masa yi haƙuri, yi haƙuri. Kwana bakwai ana kwancewa ana sake ɗauri, kullum ita ce mai dannewa.

Ya warke, sai dai fiffiken ya saki, bai ƙara tashi sama da tsayin turmi ba. Abin da ba wanda ya zata shi ne, ya ɗauki laifin duka ya ɗora wa Gwaggo. Da ta doso kejin sai ya koma lungu ya kumbura yana gurnani. Ta miƙa dabino ya juya mata baya. Ya daina ci, ya fara figar gashin ƙirjinsa har fata ta bayyana. Rana ta uku ta ce in gwada. Na miƙa masa gyaɗa, ya dube ni da ido ɗaya, ya matso ya karɓa. Shi abin da ya sani, ni ce na kori muzuru, ita ce ta danne shi.

Daga nan karatun ya koma farko, da hannuna. Ita tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta wuce dokin ƙofa don kada ya firgita, tana ba ni umarni kamar mai kora jaki. Sauke hannunki. Kada ki kalle shi cikin ido. Wa ya ce ki janye? Tsaya, ya gaji, mayar da shi. Na koyi sakin asabari in zauna in yi kamar ban damu ba, na koyi jira har ƙafata ta yi sanyi, na koyi gane lokacin da zai yi sara daga yadda idonsa yake tsukewa. Duk abin da na sani game da tsuntsu a bakin ƙofar nan na koye shi, cikin zagi. Shi ya sa in na ga jikana ya zura hannu cikin keji ya damƙo nasa kamar mai kama kazar yanka don ya nuna wa abokansa, nake tashi in bar wurin. Su a ganinsu saba da abu shi ne ya daina gudu don ba shi da inda zai je.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin abin da ya samu Gwaggo. Da akun ya koma hawa kafaɗata, da gangan nake ratsawa ta gabanta da shi, ina sosa masa ƙeya yana lumshe ido. Da bakinsa ya buɗe, muryarta ya ɗauka, ita da ya fi ji, amma a kafaɗata yake zama yana yi. Ita kuwa ba ta fasa ba. Kowace hantsi in na gama da shi, sai ta zo ta tsaya nesa kaɗan ta miƙa hannu da dabino, ta ce "Hau," ta tsaya har hannun ya gaji. Ya kalle ta ya matsa bayan wuyana. Ta ajiye dabinon bisa turmi ta koma murhunta. Damina nawa aka yi a haka ban ƙirga ba, idonsa dai ya washe ya koma fari-fari, ni kuma na zama budurwa. Manya suna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni na ga nawa ya bi wata, kuma ban kira shi ya dawo ba.

Mijina mutumin wajen Sae Sabuwa ne, a kasuwa ya gan ni, ni ma na gan shi. Gwaggo ta yi mini kayan ɗaki da ba a yi wa ko ɗaya cikin ƴan'uwana ba, tana yi tana mita. Ranar da za a kai ni, da la'asar, mata sun fita duba amalanken da aka ɗora wa kaya, ta shigo ɗaki da kejin a hannu, ta riƙe shi nesa da jikinta don yana kai mata sara ta tsakanin wayoyin. Ta dire shi a gabana. Na zaci faɗan da ake yi wa amarya za ta fara, a bi miji a yi haƙuri. Sai ta ce, "Tahi da shi. Na gaji da ciyar da waɗanda ba su so na, har biyu a gida ɗaya."

Na ƙara jan lulluɓina. Ta zauna bakin gado ta miƙe ƙafar nan mai tabon ƙuna.

"Ran nan na gan ki," ta ce. "Kin ga muzurun tun yana gindin darni, kika maida kanki gefe. Kasko na hannuna, na rasa inda zan aje shi."

Shekarun nan duka tana sane, ta bar maƙwabta suna yabona, ta tsaya a bakin ƙofa tana koya mini yadda zan karɓe mata abin da ta fi so. Da ina da kunya da na faɗi a ƙafarta. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, da ta bar ni na je sunan ƙanina da ba a yi haka ba.

Ta shafa tabon ƙafarta. Sannan ta ce, "Da na bar ki kin je, da uwarki ba ta bari kin dawo ba."

Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani, don da niyyar haka na yi kitson. Mata suka shigo da guɗa, aka ɗaga ni, wata ta ɗauki kejin. Ban nemi gafararta ba, ita ma ba ta nemi tawa ba.

Akun ya daɗe a hannuna, ya ga ƴaƴana huɗu, kullum da hantsi yana fitowa, kuma ban ƙara ɗauke ido daga gindin darni ba ko sau ɗaya. Gwaggo sau ɗaya ta zo gidana, lokacin haihuwata ta fari. Ta gama ganin jariri, ta fito tsakar gida ta same shi bisa turmi. Ina hangenta daga ɗaki ta kwance bakin zanenta, ashe da dabino ta taho tun daga gida. Ta miƙa masa ta tsaya. Ya kumbura, ya ja da baya. Ta ɗaure dabinonta ta nemi takalmanta, ko kwana ba ta yi ba. Kafin in yaye yaron aka aiko ta rasu.